Budurwar Zuciya: Fim Ɗin da Muke Bin Kannywood Bashi

Akwai wani mutum da duk mai kallon finafinan barkwanci na Hausa ya sani, ko da sunansa yana sauyawa daga wannan fim zuwa wancan. Alhaji ne da ya ba hamsin baya, yana da mata da 'ya'ya, wataƙila har da jikoki. Wata rana sai ya hango yarinya sa'ar 'yarsa, hankalinsa ya tashi. Ya rine gemu, ya tsuke tumbi, ya koyi kalaman samari yana faɗinsu a karkace, ya fesa turare ya tafi zance. A ƙofar gidan su yarinyar yakan ci karo da saurayinta na gaskiya, ko bayansa ya riƙe yana cikin taƙama, ko uwargida ta biyo sawu. Mu kuma mu yi ta ƙyaƙyata dariya har a rufe fim.

Dariyar tana da dalili, kuma ba ni da nufin hana kowa yin ta. Abin da nake son mu duba shi ne ƙuncinta. Shekara talatin da 'yan kai ke nan tun da aka fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ƙirga tarihin masana'antar daga kansa, amma har yau idan mai shirya fim ya tashi taɓa mutumin da ke tsakiyar rayuwa, da wuya ya ga wani abu a jikinsa ban da kwaɗayin yarinya. Ina ganin wannan hoton ya yi wa mutanen da ake zanawa kaɗan, ya kuma ɓoye waɗanda ke biyan kuɗin wasan.

Inda dariyar ta samo asali

Bahaushe ya daɗe yana wasa da shekaru. A tashen azumi, wanda yara kan fara daga goma ga wata, akwai wasan Tsoho da Gemu: yaro ya manna auduga a haɓa, ya sa tsumma, ya riƙe sanda yana tafiya a duƙe, jama'a na dariya suna ba shi sadaka. A Kano akwai tashen gwauraye na Nalako, inda ake tsokanar namijin da ya zauna ba aure. A cikin gida kuma akwai wasan jika da kaka, inda tsohuwa kan kira jikanta mijinta, ya ce ya sake ta don ta tsufa. Duk waɗannan wasanni doka ɗaya suke karewa: kowane mataki na rayuwa yana da rigarsa, wanda ya sa rigar da ba tasa ba ya zama abin kallo. Yaron da ya ari gemu yana ba da dariya saboda kowa ya san zai cire shi bayan sahur. Dattijon da ya ari ƙuruciya yana ba da dariya mai ɗan ɗaci, domin shi yana fatan kada a gane aro ne.

Wasan kwaikwayon zamani ya gaji wannan. Marigayi Kasimu Yero, ɗan Zariya, wanda ya rasu a 2017, ya nuna a Karambana yadda babban mutum mai shisshigi ke zubar da girmansa da hannunsa. Marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana sa Arewa dariya da Samanja. Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a Disamban 2014, ya mayar da barkwanci kasuwa mai cin gashin kanta a cikin Kannywood. A 'yan shekarun nan kuma shirin Gidan Badamasi, wanda Nazir Adam Salih ya rubuta, Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, tashar Arewa24 ta nuna, ya kafa labarinsa a kan tsohon attajiri mai yawan aure-aure da tarin 'ya'yan da suka taso ba su san ɗumin uba ba. Wannan shirin ya matso kusa da gaskiya fiye da yawancin takwarorinsa, domin ya nuna girbin abin da Alhaji ya shuka.

Sai dai wadda ta fara kallon lamarin ido da ido marubuciya ce. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta sa wa littafinta na 1987 suna Budurwar Zuciya, ta kuma biyo shi da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin magidancin da ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda wata sabuwa. Mutumin da ke ba mu dariya a faifan barkwanci shi ne dai a waɗannan littattafai, amma an juya kyamara ta kalli tsakar gida. Daga wannan ɓangaren babu abin dariya ko kaɗan. Kuɗin lefen da Alhaji ya kashe kuɗin makarantar wani yaro ne, ɗakin da aka gyara wa amarya kuma daga wata aka karɓe shi.

Yadda wasu suka ba da labarin

Wannan jigo ba namu ba ne mu kaɗai. A Indiya, wadda finafinanta suka raini idon masu kallo a Arewa, Basu Chatterjee ya yi Shaukeen a 1982: tsofaffi uku sun bar gari don neman soyayya, suka dawo da kunya. Wannan ɗan'uwan namu ne na jini. A Amurka kuwa salon ya ɗauki wata hanya. A City Slickers na 1991, abokai uku 'yan birni sun tafi koyon kiwon shanu. A Wild Hogs na 2007, magidanta huɗu sun hau manyan babura sun nausa hanya, fim ɗin kuma ya tara sama da dala miliyan 250. A Denmak, Thomas Vinterberg ya yi Another Round a 2020, labarin malaman sakandare huɗu da suka ji rayuwa ta dushe musu, suka nemi farfaɗo da ita da giya, ta kusa halaka su. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2021. Hanyar da suka bi haramtacciya ce a wurinmu, amma tambayar da ta kai su can tambaya ce da malamin sakandare a Zariya zai gane: ina mutumin da na yi niyyar zama?

Abin lura a waɗannan finafinai shi ne abokai ne a tsakiyar labarin, kuma abin da suke nema ya fi mace faɗi. Suna neman tabbacin cewa saura wani abu a gaba. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Elliott Jaques, shi ya raɗa wa wannan hali suna a wata maƙala ta 1965, abin da za mu iya kira rikicin tsakiyar rayuwa. Ya bi tarihin ɗaruruwan masu fasaha, ya lura cewa a wajen shekara 35 zuwa 40 mutum kan fara ƙirga abin da ya rage masa maimakon abin da ya wuce. A 2020 masanin tattalin arziki David Blanchflower ya duba alƙaluman ƙasashe sama da 130, ya ce gamsuwa da rayuwa kan yi ƙasa har ta kai gindinta a wajen shekara 47 zuwa 48, sannan ta sake hawa. Akwai masana da ke jayayya da wannan sakamako, kuma jayayyarsu tana da ƙarfi. Amma Musulmi bai buƙaci alƙaluma kafin ya san arba'in mahaɗa ce ba. A wannan shekarar aka aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Suratul Ahƙaf ta ambaci shekara arba'in a matsayin lokacin cikar ƙarfi da komawa ga Allah da godiya da roƙon shiriyar zuriya.

Mutumin Tudun Wada

Mu sauko gida. Tudun Wada ta Zariya unguwa ce da aka kafa a zamanin Turawa a wajen ganuwa, don 'yan Arewa baƙi da suka zo aiki ko fatauci, tsakanin birni da Sabon Gari. Tun asali mazaunin ma'aikaci ce: akawu, malamin makaranta, malamin asibiti, tela, mai aikin ɗab'i. Harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake koyar da shari'a da sha'anin mulki, tana nan gefenta. Asibitin koyarwa na jami'ar a nan yake kafin a koma Shika a 2005. Kamfanin Gaskiya, inda Abubakar Imam ya yi aiki, yana Tukur-Tukur, ba nisa. Unguwa ce da ta yi imani da alkawarin boko: ka yi karatu, ka sami aiki, ka gina gida, ka yi ritaya da mutunci.

Yanzu a ɗauki wanda aka haifa a wannan unguwa tsakanin 1970 da 1980. Yana firamare ko sakandare gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube, albashin mahaifinsa ya zama ba ya kai wata. Ya shiga jami'a a shekarun yajin aikin malamai na 1992 da 1994 da 1996, karatun shekara huɗu ya ci shida. Ya fito lokacin da masaƙun Kaduna ke rufewa ɗaya bayan ɗaya. In ya yi sa'ar aiki, albashinsa na farko ya tarar da layi: ƙanne, iyaye, 'ya'yan yayan da ya rasu. Ya yi aure, 'ya'ya suka zo, makarantun gwamnati suka lalace, kuɗin makarantar kuɗi ya hau kansa. Yau yana tsakanin 45 da 55. Idan ma'aikacin gwamnati ne, doka ta ce ya ajiye aiki a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, kuma tun bayan dokar fansho ta 2004 abin da zai ci a tsufa ya dogara ga abin da aka tara masa a asusu, wanda hauhawar farashi ke gaigaya kullum.

Baturen cikin fim yana kewar ƙuruciyar da ya ci ya ƙoshi. Mutumin Tudun Wada sau da yawa yana kewar wadda bai taɓa ɗanɗana ba. Ya tashi daga yaro ya faɗa uba ba tare da ya ya da zango a tsakani ba. Ranar da ya ɗan sami sararin numfashi, ya waiwaya, sai ya ga furfura ta riga shi isowa.

To, wace ƙofa al'umma ta bar masa a buɗe? Idan ya sayi takalmin ƙwallo ya fita fili, a ce Alhaji ya zubar da girma. Idan ya koma aji neman wani ilimi da ba na ƙarin girma a ofis ba, a ce me tsoho zai yi da boko. Idan ya ce zai zaga ƙasa don ganin duniya, a ce almubazzaranci. Idan ya ce wa abokinsa zuciyarsa a cushe take, a ce ya yawaita istigfari, a sauya magana. Amma idan ya ce zai ƙara aure, majalisa ta ɗauki shewa, a fara kiransa ango. Mun toshe hanyoyi tara mun bar ɗaya, sannan muna dariya idan muka ga kowa ya bi ta.

Waɗanda ba a nunawa

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ƙarin aure halal ne, kuma akwai gidaje da yawa da aka yi shi da adalci aka zauna lafiya. Maganata a kan dalili ce. Wanda ya ƙara aure don yana da hali da buƙata da ƙarfin yin adalci daban, wanda ya mayar da 'yar mutane maganin tsoron tsufa daban. Na biyun ba ya warkewa, domin ciwon ba a nan yake ba. Bayan shekara biyu amarya ta zama uwar 'ya'ya, madubi kuma bai sauya ra'ayi ba, sai a sake duban waje. Daga nan ake samun auri-saki, da zawarawa masu ƙananan shekaru, da yaran da ke tashi a hannun kakanni.

Akwai kuma farashin da jiki ke biya. Duk mai bin tashoshin mota da bakin kasuwanni ya san yadda cinikin maganin ƙarfin maza ya bunƙasa, da lasifika da kalaman da kunne ba ya son ji. Hukumomin kula da magunguna, har da NAFDAC, sun sha gargaɗi cewa ana cakuɗa wasu daga cikin waɗannan haɗe-haɗe da sinadarin sildenafil, wanda ke cikin Viagra, ba tare da an rubuta a jikin kwalba ba. Wannan sinadari yana iya faɗar da hawan jini ƙasa warwas ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya. Masu sayensa kuwa su ne mutanen da suka kai shekarun hawan jini da ciwon suga. A fim, Alhaji ya sha haɗi ya yi ta zufa, mu yi dariya. A asibiti labarin yakan ƙare da salati.

Sannan ina matar? Mace mai shekara 45 a finafinanmu uwar jarumi ce, ko uwargida mai masifa, ko suruka mai bin bokaye. Ba a tambayar abin da ita ta rasa. Alhali ita ce aka aurar tana 16 ko 18, ta yi shekara ashirin da biyar tsakanin goyo da murhu, yanzu 'ya'ya sun tashi, gida ya yi shiru. Irin waɗannan mata ne suka cika makarantun Islamiyya na matan aure da azuzuwan yaƙi da jahilci, suna riƙe da adashi da sana'o'in cikin gida. Hajiya Balaraba kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, daga baya ta nemi ilimi da kanta har ta zama marubuciyar da aka fassara littafinta zuwa Turanci a 2012. Labarin mace da ta koma aji tare da sa'o'in 'yarta yana da abin dariya da abin tausayi da ya ishi fim guda, ba tare da an wulaƙanta kowa ba.

Hatta siyasarmu tana da nata Alhajin mai rinannen gemu. Manufar matasa ta ƙasa ta 2019 ta ce matashi shi ne mai shekara 15 zuwa 29, Yarjejeniyar Matasan Afirka ta kai shi 35. Duk da haka ba abin mamaki ba ne a ga mai jika yana riƙe da muƙamin shugaban matasa. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su haura 18 ba, wanda ya ƙi sauka daga kujerar ƙuruciya wurin wani ya tare. Shi ma yana da uzuri: waɗanda ke gabansa sun ƙi sauka daga tasu.

Abin da za a ce, da amsarsa

Mai kare al'ada zai ce dattaku dukiya ce, kunya kuma ado, kuma wannan dariya ita ce bulalar da ke tsare manya a kan hanya. Ya yi gaskiya. Al'ummar da babba ba ya jin nauyin idon yaro ta lalace, kuma ba na fatan mu zama masu bautar ƙuruciya irin yadda tallace-tallacen Turai ke koyarwa. Bahaushe ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma wannan hangen furfura ce kuɗinsa. Sai dai dattaku kamun kai ne da adalci da cika alkawari. Ba a taɓa saukar da shi a kan haramcin motsa jiki ko neman ilimi ko raha ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, har sau biyu, a lokacin da ya haura hamsin. Wanda ya fi kowa dattaku bai ga wasa da iyalinsa a matsayin zubar da girma ba. Ko a batun furfura, sunna ta yarda a sauya launinta da lalle, malamai da yawa kuma suka hana baƙin rini idan manufarsa yaudarar wadda ake nema. A gyara jiki an yarda, a yi ƙarya da shi ne ba a yarda ba.

Mai shirya fim kuma zai ce kasuwa yake bi, ga hukumar tace finafinai a kansa, wadda Kano ta kafa a 2001, kuma kowa ya tuna an taɓa ɗaure Ɗan Ibro a 2008. Wannan uzuri ya fi rauni. Labarin abokai huɗu masu furfura ba ya buƙatar rawa ko shigar banza, don haka ya fi sauƙin wucewa gaban masu tacewa. Batun kasuwa kuwa, tun da sana'ar ta koma YouTube da tashoshin tauraron ɗan'adam, masu kallo sun haɗa da magidanta da matan aure da ke riƙe da waya da kuɗin data. Karɓuwar Gidan Badamasi ta nuna cewa tsoho zai iya ɗaukar shiri a kafaɗarsa.

Fim ɗin da ya rage a yi

Kayan haɗin suna nan zube a Tudun Wada. Ga majalisar bayan la'asar, inda mutum biyar suka shekara talatin a benci ɗaya, kowa ya san asirin kowa amma ba a taɓa faɗa ba. Ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, irin na Barewa da Alhudahuda, inda darakta da direba ke komawa sunayen tsokana na aji ɗaya, ana kuma karanta sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kafin a ci abinci. A ce irin waɗannan abokai sun yanke shawarar sake haɗa ƙungiyar ƙwallon unguwarsu don karawa da 'ya'yansu, ko su cika alkawarin wata tafiya da suka ɗauka suna samari. Gwiwa za ta ƙi, numfashi zai gaza, matansu za su yi musu dariya ta taga. A tsakiyar wannan dariya ɗaya zai faɗi abin da likita ya gaya masa, wani ya faɗi bashin da ke hana shi barci, wani kuma ya gane cewa matar da yake nema a waje tana cikin gidansa shekara ashirin da biyar bai taɓa tambayarta burinta ba.

Bambancin wannan da abin da muka saba gani shi ne wurin da mai kallo yake tsaye. A tsohon salo muna tsaye a gefe muna nuna Alhaji da yatsa, mu tashi ba abin da ya taɓa mu. A wannan kuwa muna zaune a bencin tare da su. Marubutan da za su iya wannan aiki suna nan, 'yan wasan da suka manyanta a gaban kyamara suna nan, yawancinsu ma sun kai shekarun da ake magana, an mayar da su iyayen jarumai masu fitowa sau biyu su yi faɗa su koma.

Kafin a yi fim ɗin, akwai abin da ya rage namu. Idan aboki ya zo majalisa da zancen ƙarin aure, a taya shi murna in ta kama, amma wani ya ja shi gefe ya tambaye shi lafiyar zuciyarsa da ta aljihunsa da ta gidansa. Idan an ga dattijo da takalmin gudu da asuba a hanyar Kongo, a yi masa sannu da ƙoƙari. Idan uwar 'ya'ya ta ce za ta koma makaranta, a biya mata kuɗin rajista. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: duk wanda Allah ya ja kwanansa, wannan mahaɗar tana gabansa ko yana cikinta.